Kafin Ka Yi Murna da Kore, Tona Ka Duba Saiwa

Ɗana, labari ya iso mini cewa mutanen gari sun ɗora maka aikin farfaɗo da makiyayar nan da ta zama fako, har kun tanadi irin gamba da na kyasuwa kuna jiran saukar ruwa. Aikin lada ne, Allah ya taya ka riƙo. Sai dai akwai abin da nake so ka sani tun kafin ka watsa ko da tafi ɗaya na iri. Yawancin shukar ciyawar da ke lalacewa a ƙasarmu takan fito sarai. Fili ya yi shar, a yi ta barka da arziki, bayan wata ɗaya ko biyu a nemi tsiro a rasa. Wannan ya ce fari ne, wancan ya ce awaki ne, wani ya ce an sayar muku da mataccen iri. Wani sa'in gaskiyarsu ce. Amma sau da yawa abin da ya kashe shukar ya faru ne a ƙasar nan ta sama da ba ta wuce faɗin yatsa biyu ba, inda babu wanda ya tsuguna ya duba.

Ciyawa saiwa iri biyu take yi a rayuwarta, kuma ba lokaci ɗaya suke zuwa ba. Ta farko daga cikin ƙwayar iri take fitowa, tun ma kafin tsiro ya leƙo sama. Siririya ce, kuma a ciyayinmu na ƙasar zafi, irin su gamba da kyasuwa da ƙarangiya, har da gero da dawa, guda ɗaya ce tak. Ita ce ke shayar da tsiro a kwanakinsa na farko. Na biyun kuwa daga gindin tsiron suke ɓullowa, daga gaɓar nan ta can ƙasa inda ganye ke haɗuwa. Su ne masu kauri, su ne masu yawa, su ne kuma za su riƙe ciyawar har ƙarshen rayuwarta. Duk tsiron da bai kafa saiwoyin gindi ba, to, ka ɗauke shi kamar ɗan maraƙin da bai fara kiwo ba: ƙibarsa ta nonon uwa ce, ranar da nono ya kasa masa shi ke nan.

Ba sai ka je makaranta ba kafin ka ga wannan. Nemi gero mai kwana goma sha, ka tone shi a hankali da wuƙa, ka wanke shi a ƙwarya. Za ka ga ɓawon ƙwayar a ƙasa, saiwar farko ta miƙe daga jikinta. Sama da ƙwayar za ka ga wani ɗan siririn wuya, fari, wanda ya haɗa ta da gindin tsiron. Wannan wuyan shi ne ya turo tsiron sama, kuma bai daina miƙewa ba sai da kan tsiron ya ga haske. Saboda haka ko da zurfi ka binne iri ko sama-sama, gindi a wuri ɗaya zai tsaya: dab da fuskar ƙasa. Ka lura da abin da wannan ke nufi. Duk ruwan da saiwar farko ta jawo sai ya bi ta wannan siririn wuyan kafin ya kai ganye. Lokacin da ganye biyu ne, yana isa. Da ganye ya zama biyar ko shida, rana kuma ta buɗe, hanyar ta yi kaɗan ko da akwai ruwa a ƙasa. Ga shi kuma inda saiwoyin gindi za su fito shi ne wurin da ya fi ko'ina saurin bushewa, wurin da zafin rairayi kan haura digiri 50 da tsakar rana a watan Mayu da Yuni.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. A filayen kiwo na jihar Kolorado ta Amurka akwai wata gajeriyar ciyawa da suke kira bulu girama, wadda ita ce ƙashin bayan kiwon shanunsu. Gonakin da aka taɓa nomewa aka bari sun yi shekaru da dama ba ta dawo cikinsu ba, aka yi ta shuka ta tana mutuwa. A 1971 wani masanin makiyaya mai suna Hyder da abokan aikinsa suka bayyana dalili: tsiron yakan rayu mako 6 zuwa 10 a kan saiwar farko, in bai samu saiwoyin gindi ba sai ya mutu. A 1979 wasu biyu, Wilson da Briske, suka ƙara fayyace lissafin. Iri yana bukatar kwana 2 zuwa 4 ƙasar sama tana da danshi kafin ya tsira. Sannan bayan mako 2 zuwa 8 yana bukatar wasu kwana 2 zuwa 4 irin waɗancan, a jere, domin saiwoyin gindi su fito su nutsa. Damar farko takan samu kusan kowace shekara. Ta biyun ce ke wuya. Ciyawarsu daban da tamu, yanayinsu ma daban, don haka kada ka ɗauki adadin kwanakin kamar an yanka wa gamba. Amma ƙirar tsiron iri ɗaya ce, kuma duk manomin da ya taɓa ganin masara ko dawa tana tangaɗi a gindi bayan an yi fari, iska kaɗan ta kwantar da ita, ya ga wannan ciwon da idonsa.

Wani abin da ya burge ni shi ne binciken da aka wallafa a 2016 daga wata cibiyar nazarin tsirrai da ke Kalifoniya. Sun gano cewa ciyawa da gangan take dakatar da saiwoyin gindi idan ƙasar da ke kewaye da gindin ta bushe. 'Yan ƙullutun saiwar suna nan a shirye cikin gindi, amma ba za su miƙe ba. Da an jiƙa wurin, nan da nan sai su fara fitowa. Wato gindin da kansa yake jin laima, ba ruwansa da abin da saiwar farko ke samu a can ƙasa. Hikimar Ubangiji ce, domin saiwoyin gindi masu shan ruwa ne ƙwarai, da za su fito a lokacin fari da sun ƙarar da ɗan abin da ya rage. Tsiron yana jira ne. Sai dai jiran yana da iyaka, aikinka kuwa shi ne ka sa danshin da ke gindi ya daɗe fiye da yadda zai daɗe in an bar shi.

Yanzu bari in koma kan saiwar farko, don akwai wata magana da ake yawan yi wadda rabinta ne gaskiya. Za ka ji ana cewa ƙishirwa ce ke sa saiwa ta yi zurfi, wai in tsiro ya sha wuya sai ya bi ruwa can ƙasa. Abin da ke gaskiya a ciki shi ne, idan ruwa ya fara ƙaranci, tsiro yakan rage girman ganye ya tura ƙarfinsa ga saiwa. An gwada wannan a kan masara: a bushewar da kara ya tsaya cak, kan saiwar farko yana ci gaba da miƙewa, sai dai yana ƙara sirancewa. Amma saiwa ba ta ratsa busasshiyar ƙasa ƙurmus don neman ruwan da ba ta taɓa ba. Danshi take bi. Inda danshi ya tsaya, nan take tsayawa. Mu kuwa bayan wata 7 ko 8 na rani ƙasarmu a bushe take har can ciki, ruwan farko saman kawai yake jiƙawa.

Ga lissafin da zai taimake ka. A jigawa, ruwan milimita 10 yakan jiƙa ƙasa zurfin kamar santimita 10, wato faɗin tafin hannu. A laka bai kai haka ba, don laka tana riƙe ruwa da yawa a ɗan wuri. Rana ɗaya ta bazara kuwa tana iya ɗauke milimita 7 ko fiye daga jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ka ga ke nan yayyafin milimita 5 sau huɗu da ruwan milimita 20 sau ɗaya, a littafin ma'auni daidai suke, a wurin saiwa kuwa sun sha bamban. Yayyafin zai tayar da iri ya tsira, ya tsare saiwarsa a sama, sannan ya tafi ya bar shi. Babban ruwan zai buɗe wa saiwar farko hanya ta nutsa ta tsere wa bushewar da ke biyo ta daga sama. Amma kada ka raina yayyafi gaba ɗaya. Idan tsiro ya riga ya yi mako biyu ko uku, saiwar farko ta yi nisa, to, kwana uku na lumshi da yayyafi sun fi masa ruwa mai ƙarfi da rana za ta biyo bayansa, domin a lokacin jiƙar gindi yake nema. Kowane ruwa da ranar amfaninsa.

Jigawa tana da wani hali mai fuska biyu. Samanta yakan bushe cikin yini ɗaya, wannan busasshen rairayin kuma sai ya zama murfi ya hana ruwan ƙasa tashi. Tsohuwar ciyawa mai dogayen saiwoyi tana jin daɗin haka. Sabon tsiro kuwa gindinsa yana cikin murfin nan zaune. Shi ya sa za ka tona ka ga laima sosai a tsawon yatsa, amma tsiro yana ta mutuwa, ka rasa dalili.

To yaushe za ka shuka? Kada ka bi ruwan farko, komai daɗin ƙamshin ƙasa. A cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, wani masanin yanayi mai suna Sivakumar ya tsara ma'auni a 1988 wanda har yau ake aiki da shi a yankin Sahel: damina ta kama idan, bayan 1 ga Mayu, an samu milimita 20 cikin kwana 3, kuma ba a yi fashin ruwa na fiye da kwana 7 ba a cikin kwana 30 da suka biyo baya. Kashi na biyu na ma'aunin sai bayan ya wuce ake saninsa, gaibu kuwa na Allah ne. Amma ya nuna maka inda haɗarin yake. Don gero aka yi ma'aunin, ƙwayar gero kuma ta fi ta gamba guzuri, tsironsa ya fi sauri. Manomi yana gaggawa don yana son hatsinsa ya nuna kafin ruwa ya ɗauke, in binne ya lalace kuma ya sake. Kai babu mai korarka haka. Ka bari damina ta zauna, ka tona rami ka ga laima ta kai kamu ɗaya ko kusa, sannan ka shuka, ta yadda lokacin da tsiro zai nemi saiwoyin gindi zai faɗo a bakin marka. Kada kuma ka yi jinkiri har Agusta ya yi nisa, don gamba tana bukatar watanni na girma kafin ta fuskanci rani na farko. In irinka yana da yawa, ka raba shi biyu ka shuka a tsakanin mako biyu. Wanda bai dace ba, ɗan'uwansa ya dace.

Ciyayin shekara-shekara tun asali haka suke yi. Ƙarangiya da burburwa da guɗe-guɗe ba sa fitar da duk irinsu a ruwa ɗaya, wani yana nan kwance yana jiran na gaba. Masu binciken Holan da na Mali da suka yi aiki a makiyayar Niono, waɗanda littafinsu ya fito a 1982, sun lura cewa yadda ruwan farkon damina ya zo shi ne ke zaɓen ciyawar da za ta mamaye fili a shekarar. In ruwa ya kama bai yanke ba, masu saurin tsiro irin su ƙarangiya su ne ke cin kasuwa. In ya zo ya yanke, sai su mutu, masu jinkirin tsiro su gaji filin. Makiyaya sun daɗe da sanin cewa fili ɗaya ba ya ba da ciyawa iri ɗaya shekara biyu a jere, sai dai kowa da dalilin da yake bayarwa.

Waɗannan masu binciken sun gano wani abu kuma da ya ba mutane mamaki a lokacin. A arewa can, inda ruwan shekara bai kai kimanin milimita 300 ba, ruwa ne ke iyakance ciyawa. Amma daga nan zuwa kudu, ƙarancin naitirojin da fosfaras a ƙasa ya fi ƙarancin ruwa hana ta girma. Na kawo wannan ne don ya shafi saiwa kai tsaye. Tsiron da ke kan ƙasar da ta gaji yakan yi nawa, wanda ya yi nawa kuwa bushewa takan cim masa kafin saiwarsa ta yi nisa. Ɗan kashin shanu ko na tumaki da ya ruɓe, a zuba a layin shuka, yana sa saiwa sauri, yana kuma riƙe laima. Ba sai ka bi fili duka ba. Inda iri zai kwanta kawai.

Yanzu maganar fako, wanda shi ne ainihin abokin karawarka. Fako ba ƙasar da ba a yi mata ruwa ba ce. Ruwa ɗaya ake yi musu da gonar da ke maƙwabtaka da ita. Ɗigon ruwa ne ya daddaki fuskarta shekara da shekaru babu abin da ya kare ta, ta yi ɓawo, ruwa ya riƙa gudu a kai yana tafiya kwazazzabo. In ka watsa iri a kan fako, ka ciyar da tururuwa da tsuntsaye, abin da suka rage kuma ruwa ya kwashe. Mutanen Adar sun riga mu gane wannan. Bayan farin 1984 aka fara babban aikin gyaran ƙasa a Keita, a wajen Illela kuma manoma suka rungumi tassa, wato ƙananan ramukan shuka, da rabin wata, har filayen da aka yafe suka koma ana saye da sayarwa. Rabin wata rami ne marar zurfi mai siffar jinjirin wata, bakinsa yana kallon inda ruwa ke gangarowa, ƙasar da aka haƙe kuma a jera ta a bayansa ta zama kunya. Ruwan da ya sauka a kan fili mai faɗi sai ya taru a ɗan wuri. Ruwan milimita 10 ya yi wa tsiron da ke ciki aikin ruwa mai ninkinsa, danshi ya yi zurfi, sama kuma ta daɗe ba ta bushe ba. Bukatun saiwa guda biyu ke nan a rami ɗaya.

Sai dai a yi hattara. Saiwa tana numfashi. In ƙasar laka ce, ruwa ya kwanta a tsakiyar ramin kwana da kwanaki, tsiron da ke wurin zai shaƙe, saiwarsa ta yi baƙi ta ruɓe. Burgu ne ke jure wannan, don jikinsa yana da hanyoyin iska, shi ya sa yake zaune lafiya a fadamun Kwara. Gamba da kyasuwa ba haka suke ba. A irin wannan ƙasa ka shuka a gefen kunya ta ciki, inda ruwa ke taɓawa ya janye.

Abu mafi arha kuma shi ne rufi. Karan gero, tsohuwar zana, rassan da aka sassabe, buntun sussuka, duk abin da zai yi wa ƙasa inuwa. Rufi yana rage zafin rairayi, yana tare ƙura da irin ciyawar da iska ke ɗauke da shi, yana kuma ƙara wa danshin sama kwana ɗaya ko biyu. Wanda bai san zancen saiwoyin gindi ba zai ce kwana ɗaya me zai yi. Kai yanzu ka san cewa tsakanin kwana biyu da kwana uku ne ake raba tsiron da zai rayu da wanda zai mutu. Gara ma za ta zo ta ci karan. Kada ka kore ta. Ramukan da take haƙawa su ne ke fasa ɓawon fako ruwa ya samu hanyar shiga. Kawai kada rufin ya yi kauri har ya danne tsiro, a bar ƙasa tana ɗan leƙowa.

Wajen binne iri, santimita 1 zuwa 2 ya isa. Na san zuciya za ta raya maka ka kai shi can inda laima take. Ka tuna wuyan nan: zurfi ba zai saukar da gindi ƙasa ba, sai dai ya cinye ɗan guzurin da ke cikin ƙwaya kafin tsiro ya ga rana. Irin gamba mai gashi ne, marar nauyi, iska na wasa da shi. A cuɗa shi da rairayi mai ɗan laima, a ja layi da sanda, a zuba, a rufe, a taka da ƙafa don ƙasa ta manne masa. Kafin ranar shuka ka ɗebi ƙwaya 100 ka shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhu ka ga nawa za su tsira, domin irin gamba ba kasafai yake cika ba, sabon girbi kuma yakan yi wata da watanni yana barci. In tsiro ya yi ganye uku ko huɗu, sama ta bushe, kuma filin bai fi ƙarfinku ba, a bi layi da hauya a ɗan turo ƙasa gindi, kamar yadda ake yi wa dawa. Ba binne shi za a yi ba. A dai rufe gindin ya samu inda zai sa saiwa.

Akwai kuma hanyar da ke tsallake duk wannan haɗarin, kuma ita nake fifitawa a inda hannu zai kai: dashe. A sami tsohon gindin gamba a tsakiyar damina, a tsaga shi gida-gida kowane da saiwarsa, a rage ganyen, a dasa. Abin da ka dasa ya riga ya mallaki saiwoyin gindi. Manoman Maraɗi da Damagaram da Katsina da ke kafa gamba a iyakar gona haka da yawansu suke yi. Aikin ya fi yawa, ba kuma zai rufe kadada ɗari ba. Amma layuka kaɗan da suka kama za su riƙa zubar da iri kowace kaka, su tare ƙasa, su yi wa 'ya'yansu inuwa. In ka tambaye ni, gara kadada 2 da suka kafu da kadada 50 da aka watsa wa iri aka ɗauki hoto.

Gamba ta cancanci wannan wahalar. In ta kafu, tana da saiwoyi kashi uku: masu laushi da ke bazuwa a sama suna cafke ko yayyafi ne, masu kauri da ke ajiye sitaci suna riƙe gindi, da masu miƙewa ƙasa suna jawo ruwa da rani. Shi ya sa take yin toho tun bazara, lokacin da dabba ta fi kowane lokaci yunwa, sauran ciyayi kuwa suna nan a matsayin iri. Farin 1973 da na 1984, haɗe da yawan kiwo, sun kore ta daga wurare da yawa na Sahel inda dattawa suka san ta. Abin dariya kuma abin takaici, irin gambar da aka ɗauka daga Shika, kusa da Zariya, shi aka kai Kolombiya da Barazil, aka fitar da shi ga makiyayansu a 1980, ya rufe filaye masu yawa. A arewacin Ostareliya ma har ta fi ƙarfinsu, ta zama annoba mai rura gobarar daji, gwamnati na kashe kuɗi don kawar da ita. Mu da muke da ita a gida muna neman ta zana da jinka muna rasawa.

Saura maganar dabbobi, kuma a nan ne za ka sha surutu. Saniya da harshe take naɗe ciyawa ta fizga. Tsiron da ke kan saiwa ɗaya gaba ɗaya yake tahowa. Wanda ya tsira daga fizga kuma bai tsira daga aski ba, domin ganye ne ke ciyar da saiwa. A 1955 wani ma'aikacin gona na Amurka mai suna Crider ya gwada wannan: in an cire rabin ganyen ciyawa ko ƙasa da haka, saiwa ba ta cika damuwa ba, in an cire kashi 90 cikin 100, girman saiwa yakan tsaya cak fiye da mako biyu. A ƙasar da daminarta wata uku ce ko huɗu, mako biyu ba ƙaramin rashi ba ne, balle a maimaita. Saboda haka daminar farko dabba ba ta shiga. In ana so a amfana, a bari ciyawa ta zubar da iri, a yanka da lauje a bar gindi kamar kamu ɗaya, a ɗaure ingirici a raba.

Wannan ba ya yiwuwa da sanda ko da waya. Tun kafin a haƙa rami ɗaya ka zauna da mai gari da arɗo da matan da ke kiwon awaki a gida, a yi magana a fili: ga inda za a killace, ga tsawon lokaci, ga burtalin da za a bari a buɗe zuwa mashaya, ga yadda za a raba abin da aka yanka. Makiyayi ya fi kowa sanin darajar gamba. In ya ga an rufe masa hanya ba a shawarce shi ba, zai ɗauka wata dabara ce ta mayar da makiyaya gona, kuma ba za ka ga laifinsa ba, don ya sha gani. Ka kai shi filin, ka ba shi tsiro ya ja da yatsa biyu. Wanda ya taho ba gardama, saiwarsa ɗaya ce. Wanda ya yi turjiya, ko ganyensa ya tsinke gindi ya zauna, ya kafa. Da hannunsa ya ji bambancin, ba sai ka yi dogon bayani ba.

Baƙi za su zo daga birni a mako na uku, lokacin da fili ya fi kyau, su ce ka rubuta cewa aiki ya yi nasara. Ka karɓe su da mutunci, ka ba su ruwa, amma ka rubuta abin da ka sani kawai: iri ya fito. Ka samu ma'aunin ruwa ko da na gwangwani ne mai miƙaƙƙen baki, ka riƙa rubuta ranar da aka yi ruwa da yawansa, da kwana nawa saman ƙasa ya yi da laima bayansa. Kowane mako ka tone tsiro biyar daga wurare daban-daban, na cikin rabin wata da na waje, na ƙarƙashin rufi da na sarari, ka wanke ka ƙirga saiwoyin gindi. Ka kafa turaku a wasu 'yan wurare ka ƙirga tsiron da ke tsakaninsu, ka sake ƙirgawa da kaka. Ƙirga ta uku ita ce za ka kai wa mutanen gari, kuma sai bazara mai zuwa za ka yi ta, bayan ruwan farko, lokacin da gindin da ke da rai zai yi toho. Inda ka tarar da gurbi, ka duba littafinka ka ga abin da ruwa ya yi a makonnin da tsiron wurin ke neman saiwa, sannan ka cike gurbin da dashe daga gindin da suka kama.